Dajin Kamuku da Masu Ƙidayar Itatuwansa: Waiwaye Kan Tarihin Binciken Tsirran Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Duk ɗan Birnin Gwari da ke zaune a Kaduna ko Kano ko Abuja ko Ikko ya san irin kallon da ake yi masa idan ya ambaci sunan garinsu a cikin taro. Kafin ya rufe baki wani zai girgiza kai ya ce, "Allah Sarki, wajen dajin nan ko?" Shekarun tashin hankali sun sa sunan dajinmu ya zama abin tsoro a bakin jama'a, har yaranmu da aka haifa a birane suka tashi ba su san komai game da shi ba in ban da labarin 'yan bindiga da satar shanu.

Amma tun kafin wannan masifa, dajin yana da wani suna na daban a wurin masana ilimin tsirrai na duniya. Yana cikin manyan wuraren da suka rage a Nijeriya inda ake samun dajin doka mai faɗi a haɗe, kuma itatuwan da ke cikinsa sun shiga littattafan da ake karantawa a Landan da Badun da Zariya. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwaya mu ga yadda aka yi wannan bincike, su wa suka yi shi, me suka gano game da yadda tsirrai suka rarrabu a ƙasarmu, sa'annan mu auna nauyin da ya rataya a wuyanmu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da mai karatu zai lura da shi tun daga farko har ƙarshe shi ne, rabin wannan ilimi daga bakin iyayenmu da kakanninmu aka ɗauke shi, kuma wannan rabin ne yake neman kuɓuce mana.

Dajin kafin zuwan masu takarda

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma tun zamanin da Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulani suke zaune cikinta, kowa da irin hulɗarsa da daji. Maharbi ya san inda taura take nuna, don ya san nan dabbobi za su taru. Maƙeri ba ya neman gawayin da ya wuce na ƙirya, saboda ƙarfin wutarsa da jimirinsa. Masassaƙi ya san itacen da ya dace da turmi da wanda ya dace da ƙota. Bafillace ya san idan rani ya tsananta, ganyen kawo da na madobiya su ne za su riƙe masa shanu har damina ta faɗi. Mata sun san lokacin tsintar kaɗe da lokacin kaɗar ɗorawa, daga kalwa a yi daddawa, daga ɓawon a jiƙa makuba a shafe katanga da daɓe. Wanzami da mai magani kuwa suna da tafashiya da maɗaci da gwandar daji da sauran saiwoyi masu yawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana riƙe da sunaye da siffofi da lokuta a kansa, kuma ta wurin aiki yake miƙa su ga ɗansa.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, na zaton dajin nan haka yake tun fil azal, ba a taɓa zama a cikinsa ba. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A shekarar 1826 Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya ratso ta Birnin Gwari a kan hanyarsa daga Busa zuwa Zariya da Kano, domin a lokacin garin zango ne a kan babbar hanyar fatake. A rabin ƙarshe na wannan ƙarni kuwa, hare-haren gidan Nagwamatse na Kwantagora suka tarwatsa garuruwa masu yawa a ƙasar Gwari da ta Kamuku, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Inda mutane suka watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma daji.

Shaidar wannan tana nan tsaye ga mai ido. Idan kana tafe cikin dajin doka ka ci karo da tarin kuka ko rimi ko tsamiya a wuri guda, to ka duba ƙasa da kyau, sau da yawa za ka ga ɓurɓushin tukwane ko dutsen niƙa ko alamar ganuwa. Waɗannan itatuwa abokan zaman ɗan Adam ne, kuma masu bincike a duk faɗin Afirka ta Yamma suna amfani da su wajen gane kufai. Wanda ya taɓa ziyartar Tsohuwar Birnin Gwari ya ga misali da idonsa.

Likitan da ya rubuta sunayen

Rubutaccen binciken tsirran ƙasar Hausa ya samo tushe mai ƙarfi daga wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna John Dalziel, wanda aka haifa a 1872, ya rasu a 1948. Ya shigo aikin likitancin gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma a 1905, ya yi aiki a garuruwan Arewa da dama. Bayan ya sallami marasa lafiya sai ya shiga jeji tare da mutanen gari yana tambaya: wannan mene ne sunansa, me ake yi da shi, yaushe yake fure? Yakan yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya rubuta wurin da ya samo shi da ranar da sunansa na Hausa, sa'annan ya aika da shi Lambun Kew da ke Landan, inda ake da babbar ma'adanar busassun tsirrai.

Wannan aiki na danne tsiro da busar da shi shi ne ginshiƙin ilimin tsirrai har gobe. Busasshen reshen da aka manna a takarda yana iya shekara fiye da 100 bai lalace ba, kuma shi ne hujjar da za a kafa cewa tsiro kaza ya taɓa rayuwa a wuri kaza a shekara kaza. Ba don irin waɗannan takardu ba, da babu mai iya cewa wani iri ya ragu ko ya ɓace.

A 1916 Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da harshen Hausa, inda ya jera sunan da Bahaushe ke kira, ya sa sunan kimiyya a gefensa. Daga baya ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936, ya kuma bi shi a 1937 da wani littafi a kan amfanin tsirran. A tsakanin nan wani jami'in daji mai suna Lely ya fitar da nasa littafin a 1925 a kan itatuwa masu amfani na Arewacin Nijeriya, da zane-zanen ganye da furanni.

Abin da ya kamata ɗan Birnin Gwari ya sani ya kuma yi alfahari da shi shi ne, lokacin da masanan Kew biyu, Craib da Stapf, suka zo raɗa wa babban itacen dajinmu sunan kimiyya a wajajen 1912, ba su sami sunan da ya fi namu ba, sai suka kira shi Isoberlinia doka. Yau ko a Jamus ko a Japan aka buɗe littafin tsirrai, da kalmar Hausa ake kiransa. Shi kuma hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda da ke fitowa a kan duwatsu, sai aka sa masa sunan likitan, ya zama Boswellia dalzielii. Sunan Dalziel ya zauna a tarihi, kuma ya cancanta. Sunayen maharba da masu magani da suka riƙa nuna masa hanya suna ba shi amsa kuwa ba su shiga takarda ba.

Shekarar 1936 da shata gandun daji

A tsakiyar shekarun 1930 wata muhawara ta tashi a tsakanin Turawan mulki. Wani malamin ilimin daji mai suna Stebbing ya zagaya Arewa, ya rubuta a 1935 cewa hamada tana gangarowa kudu da sauri, kuma sare itatuwa da ƙone daji ne ke buɗe mata ƙofa. Maganar ta yi ƙarfi har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga abin ya kai yadda Stebbing ya zana ba, amma hankalin gwamnati ya riga ya karkata ga keɓe dazuzzuka, kuma aka ɗora wa hukumomin En'e alhakin yin haka a ƙasashensu.

A cikin wannan yanayi ne aka shata Gandun Dajin En'e na Birnin Gwari a shekarar 1936, wanda shi ne asalin abin da muke kira Gandun Kamuku a yau. Aka ja iyaka, aka naɗa malaman daji, aka hana sabon noma da saran itace ba da izini ba. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan ba, don talaka ya saba daji na Allah ne, ga shi an wayi gari sai da takarda zai sari itace. Dattawa da yawa sun tashi da tsoron malamin daji kamar yadda ake tsoron ɗan doka. Duk da haka, wannan iyaka ta 1936 ita ce ta tsare wannan yanki a shekarun da noma ya cinye dazuzzukan da ke kewaye da Zariya da Funtuwa.

Akwai kuma wani mai gadi da ba a biyansa albashi, wato ƙudan tsando. Dajin doka mazauninsa ne, kuma cutar sammore da yake sa wa shanu ta daɗe tana hana manyan garkuna zama dindindin a cikinsa. Saboda shi ne aka kafa cibiyar binciken cutar barci da sammore a Kaduna a zamanin Turawa. Da aka ci ƙarfinsa a wurare da yawa, ta hanyar feshi da share daji da magungunan dabbobi, sai dazuzzukan da a da ake gudu suka buɗe ga kiwo da noma.

Keay da taswirar tsirran Nijeriya

Mutumin da ya fi kowa tsara bayanin yadda tsirrai suka rarrabu a ƙasar nan shi ne Ronald Keay, wanda ya zo Nijeriya a matsayin jami'in daji a 1942, ya bar aiki a 1962 yana shugaban sashen binciken daji na tarayya a Badun. A 1949 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai taswira, inda ya kasa Nijeriya kashi-kashi daga bakin teku zuwa bakin hamada: kurmin gaɓar teku, kurmi mai duhu, sa'annan sashen Gini na Kudu, sashen Gini na Arewa, sashen Sudan, da sashen Sahel. Duk wanda ya yi darasin labarin ƙasa a makarantar sakandare wannan rabon ya haddace, ko da bai san mai shi ba. Birnin Gwari ta faɗa cikin sashen Gini na Arewa, inda ruwan sama ke haura milimita 1,000 a shekara, rani kuma ya ɗauki wata biyar zuwa shida. Alamar da Keay ya kafa ta gane wannan sashe ita ce doka da 'yar'uwarta farar doka, tare da kafafago.

Doka itace ne mai ban sha'awa. Ba ya son kaɗaici, sai dai ka gan shi gari guda, ya mamaye fili mai nisa shi kaɗai. Dalili kuwa, yana tsirowa daga saiwa, in an sare uwa sai 'ya'ya su ɓullo kewaye da kututturen. Kwanson 'ya'yansa idan ya bushe yakan fashe da ƙara ya watsa iri nesa kaɗan, amma irin ba ya jimirin ajiya, in bai sami danshi da wuri ba sai ya mutu. Shi ya sa idan aka tumɓuke kututturan da manyan injina, dajin doka ba ya komowa da sauƙi. A ƙarshen rani, tun ruwa bai sauka ba, yakan fitar da sabon ganye ja mai sheƙi, sai ka ga tudu baki ɗaya ya yi jajur. A jikinsa kuma ake samun tsutsar da ke saƙa abin da ake kira tsamiyar doka, wadda ake kaɗawa a yi zaren aikin babbar riga. Wannan daji ya miƙe kamar ɗamara daga ƙasar Gini da Mali, ya ratsa ta Nijeriya har Sudan da Yuganda, kuma yana da dangi na jini a dazuzzukan Zambiya da Tanzaniya. Lokacin da hukumar UNESCO ta fitar da taswirar tsirran Afirka ta Frank White a 1983, an ware wa dajin doka launinsa na kansa.

Binciken Keay da na waɗanda suka biyo bayansa ya nuna cewa tsirrai ba su zube barkatai ba, kowane iri yana da mazauninsa gwargwadon ƙasa da ruwa. Idan mutum ya gangaro daga kan dutse zuwa rafi, zai ratsa unguwanni daban-daban. A kan duwatsu irin su Goron Dutse da Tsaunin Rema, inda ƙasa ba ta da zurfi, can ne mazaunin irin su hano da kukuki da dangin ɓaure masu cusa saiwa cikin tsaga. A kan tudu mai jan ƙasa doka ce ke mulki, ana samun taura da baushe da namijin kaɗe da ƙirya a tsakaninta, ƙarƙashi kuma ga gamba da sauran dogayen ciyayi da ake yin zana da jinka. A gangare inda ƙasa ke da zurfi, maje yakan miƙe ya fi kowa tsawo. A fadama mai riƙe ruwa doka ba ta sauka, sai kandare da giyayya. A bakin rafi kuwa sai a tarar da kurmi mai sanyi, da tukurwa wadda muke samun gwangwala daga gare ta, har da kwakwar manja, itacen da mutane suka ɗauka na Kudu ne kaɗai. Wannan haɗuwa ta tsirran Kudu a cikin kurmi da na sashen Sudan a kan busassun wurare ita ce sirrin yawan ire-iren tsirran ƙasarmu.

Keay ya sake bitar kundin Hutchinson da Dalziel daga 1954, sa'annan shi da Onochie, ɗan Nijeriya, da Stanfield suka fitar da littafin itatuwan Nijeriya mai juzu'i biyu a 1960 da 1964. Ma'adanar busassun tsirrai ta Badun, wadda aka kafa a 1942, tana riƙe da samfura fiye da 100,000. A 1964 aka buɗe tashar binciken dazuzzukan Arewa a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ita ma ta kafa tata ma'adanar. A 1980 wani masani ɗan ƙasa, Gbile, ya sake tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda.

Abin da aka gano game da wuta

Tambayar da ta fi damun jami'an daji ita ce ta gobarar daji: a hana ta baki ɗaya ko a bar ta? Don samun amsa aka yi gwaji mai tsawon shekaru a Olokemeji ta ƙasar Yarbawa daga 1929, Bafaranshen nan Aubréville kuma ya fara irinsa kusa da Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa a 1936. Aka yanki filaye uku. Na farko aka hana masa wuta sam, na biyu ana ƙone shi a farkon kaka tun ciyawa da sauran danshi, na uku ana ƙone shi a ƙarshen rani. Bayan shekaru masu yawa sai aka ga na farko ya rufe ya zama kurmi, na biyu itatuwansa sun yi yawa sun yi lafiya, na uku kuwa ya koma filin ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu kaurin ɓawo.

Darasin a fili yake. Wutar farkon kaka tana bi ta sama-sama, ta share busasshiyar ciyawa ba tare da ta kashe ƙananan itatuwa ba, ta kuma rage abin da wutar bazara za ta ci. Wutar watan Maris, wadda akan kunna don farautar gafiya da zomo, ita ce mai hallaka daji. Makiyaya da maharban da sun san wannan bambanci tun kafin a auna shi da ma'auni.

Daga gandun En'e zuwa gandun ƙasa

Bayan an rushe tsarin En'e, gandun ya koma hannun gwamnatin jiha a matsayin wurin kare namun daji. A shekarun 1990 wata ƙungiya mai zaman kanta ta masu kare dazuzzukan Arewa ta yi aiki tare da ƙauyukan da ke kewaye, a kan yadda za a ci moriyar daji ba tare da an ƙarar da shi ba. Nasarar wannan aiki tana cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku a watan Mayu na 1999, ƙarƙashin doka mai lamba 46, tare da na Okomu a Jihar Edo. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara.

Ƙidayar da aka yi a wancan zamani ta lissafa aƙalla ire-iren tsuntsaye 177, ciki har da burtu da tuje, ta kuma ambaci giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da bika da jan biri. An yi fatan baƙi za su riƙa zuwa kallon ruwan Dogon Ruwa, ɗalibai kuma su riƙa kwana a daji suna nazari. An fara ganin alamun hakan kafin al'amura su juya.

Shekarun tsoro da abin da ke tafe

Babu buƙatar a maimaita wa ɗan Birnin Gwari abin da ya faru. Satar shanu ta yi ƙamari har gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji a 2015. Harin Gwaska na watan Mayun 2018 ya ci rayuka masu yawa. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da ke bakin Kaduna, wato yaran da ake koya wa aikin daji su ma ba su tsira ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Muna roƙon Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

A duk tsawon waɗannan shekaru shiga daji da littafi da takardun danne ganye ya zama kasada da rai. Ƙauyuka sun tashi, dattawan da suka san kowane rafi da kowace saiwa suka ƙare a gidajen haya a cikin gari, wasu suka rasu da iliminsu. A daidai lokacin kuma kasuwar duniya ta buɗe baki. Neman katakon madobiya da ake kai wa ƙasar Sin ya share dazuzzuka a Afirka ta Yamma, har aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017, aka kuma ayyana shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 2018. A taron Panama na 2022 aka ƙara kawo da maɗaci a cikin jerin. Waɗannan duka itatuwan gidanmu ne. Ga buhunan gawayi da muke gani a kan manyan motoci, waɗanda mu mazauna birni muke saye. Ga haƙar zinariya, wadda aka san ƙasarmu da ita tun shekarun 1930, tana tone bakin rafuka inda kurmi yake.

Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: ranar da hanya ta buɗe sosai, mai zarto da mai gawayi za su riga mai bincike isa daji, domin su riba ke kiransu, shi kuwa sai an nemo masa kuɗin mota.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, kare gandun ƙasa aikin hukuma ne, amma akwai abin da ƙungiya irin tamu za ta iya yi da ɗan abin da ke hannunta. Na farko, a tura matasanmu masu ilimi zuwa Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da sauran gundumomi, da wuraren da 'yan gudun hijira suke, su zauna da maharba da masu magani da ungozomomi da ardo-ardo, su ɗauki sunayen tsirrai da amfaninsu da Hausa da Gwaranci da Kamukanci da Fillanci. Wayar da ke aljihun kowa ta isa ɗaukar murya da hoto. A wannan karon kuma a rubuta sunan duk wanda ya ba da bayani, da garinsu, don kada a maimaita abin da ya faru a zamanin Dalziel.

Na biyu, cikin tallafin karatu da ake bayarwa a keɓe gurbi ga masu son karanta ilimin tsirrai da na daji, a kuma ƙarfafa musu gwiwa su yi binciken kammala karatunsu a kan ƙasarsu, su ajiye samfura a ma'adanar Zariya ko ta Badun. Na uku, a nemi haɗin kan masarauta da ƙaramar hukuma a kafa wurin renon dashe na itatuwanmu na gida, ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da kawo da madobiya, a raba wa makarantu da manoma, maimakon dogaro da darbejiya da turare kaɗai. Na huɗu, a roƙi masu unguwanni da dagatai su sa baki a kan wutar ƙarshen rani da saran itatuwan bakin rafi.

Ga mu mazauna birni kuma akwai ƙaramin aiki na cikin gida. Da yawanmu muna bi ta Kawo da Unguwar Rimi kullum, yaranmu ba su san sunayen itatuwa ba ne. Idan Allah Ya kai mu gida da Salla, mu kama hannunsu mu nuna musu doka da taura da maje, mu faɗa musu sunan da kakanninsu suke kira. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, amin.